Kwana tara a bakin teku a Kiribi: yadda ake zaɓen ɗakin haya da yadda ake zama a cikinsa

Daga Duwala zuwa Kiribi a kudancin Kamaru, wanda za ka ga an rubuta Kribi a allunan hanya, tafiyar kusan kilomita 170 ce. Mota takan bi ta Edeya, ta haye kogin Sanaga, sannan ta karkata kudu cikin kurmi da gonakin kwakwar manja har ta ɓulla gaɓar teku. Awa uku ya kamata mutum ya ware mata, domin manyan motocin da ke zuwa tashar jiragen ruwa sun yi yawa a hanyar. Wanda ya taso daga arewacin Kamaru kuwa, jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zai sauke shi Yawunde, daga nan ya hau bas ta Edeya ɗin dai. Na isa a watan Janairu, bayan an watse daga hutun ƙarshen shekara, kuma da gangan na zaɓi lokacin. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ruwan sama ya fi sauƙi a can, amma Disamba ta masu hutu ce, kuɗin haya kan tashi, kiɗa kuma ba ya yankewa. A Janairu, daga Litinin zuwa Alhamis, garin shiru yake, ba ka jin komai sai teku da injin kwalekwale. Juma'a da yamma mutanen Duwala da Yawunde su sauko, Lahadi su koma.

Masaukin da na kama irin wanda suke kira appartement meublé ne, wato sashe guda a cikin bene, da ɗakunan kwana biyu, falo, kicin da baranda, da kayansa duka a ciki, ana biya kwana-kwana. Ga mai iyali ya fi otal nesa ba kusa ba, saboda kai za ka dafa abincinka, kuma matanka da 'ya'yanka suna da inda za su sake. Sai dai abin da otal ke ɗauke maka, a nan a kanka yake: ruwa, wuta, gas, sauro. Kuma gidan da ke bakin teku ba kamar sauran gidaje ba ne. Iskar da ke shigowa ta baranda tana ɗauke da gishiri dare da rana, tana cin ƙarfe, tana jiƙa katako da katifa. Gini mai shekara biyar a nan yakan yi tsufan mai shekara ashirin a Kano ko Garwa.

Tun wajen ciniki ake fara kuskure. A tallar gidajen akwai kalmomi biyu na Faransanci da ya kamata a bambance. In an ce vue sur mer, ana nufin kana hango teku, ko da kuwa daga ƙetaren kwalta ne, ta tsakanin gine-gine biyu. In an ce pieds dans l'eau, to gidan a kan gaɓar yake, daga ƙofar baya sai rairayi. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma hoto ba ya nuna bambancin. Abin da na yi shi ne na nemi a kira ni ta bidiyo, mai kula da gidan ya fara daga bakin titi, ya shiga, ya hau bene, ya buɗe famfo ina kallo, ya fita baranda, ya sauka har bakin ruwa ba tare da ya katse kiran ba. Wanda gidan ba nasa ba, ko hotunan wani ya kwaso, ba zai iya wannan ba. Kuɗi kuma kada a tura duka ta MTN MoMo ko Orange Money kafin a ga wuri. Kafin alƙalami na kwana ɗaya ya isa, sauran sai an shiga an duba, a karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita, da adadin kuɗin ajiyar da suke kira caution.

Hawa na ɗaya, wato wanda ke saman na ƙasa, shi na fi so. Na ƙasa yana shan rairayi da kaguwa da sauro, duk mai wucewa a gaɓa kuma yana leƙen falonka. Na ƙololuwa yana ƙarƙashin rufi, da rana zafi, in an yi ruwa nan yoyo ke farawa, kuma shi ne na ƙarshe da ruwan famfo ke kaiwa in injin ya yi rauni.

Awar farko bayan an ba ka makulli ita ce mafi muhimmanci a zaman gaba ɗaya, kuma a yi ta mai kula da gida yana tsaye. Na fara da ƙofar gilas ta baranda, domin ita ce ta fi shan gishiri. 'Yan tayoyin da take gudu a kansu sukan yi tsatsa, ƙofar ta zauna ƙasa kaɗan, sai harshen makullin ya daina shiga raminsa. Za ka murɗa, ka ji ya yi ƙara kamar ya kulle, amma in ka ja da ƙarfi ta buɗe. Tawa haka take. Maganin wucin gadi shi ne a yanko sanda daidai tsawon hanyar da ƙofar ke bi, a kwantar da ita a ciki da dare. Daga nan sai ragar tagogi. Ta ƙarfe takan ruɓe daga kusurwar ƙasa, inda ruwan gishiri ke taruwa, don haka a sa yatsa a danna kusurwoyin, kada a tsaya kallon tsakiya. Katifa a ɗaga ta a sansana ƙasanta, a buɗe kabad a duba bangon baya ko akwai fumfuna, ɗigo-ɗigo baƙi ko toka-toka. Duk abin da aka tarar a fashe ko a tsage, kofi ne ko labule, a ɗauke shi a bidiyo a tura wa mai gidan nan take, don ranar fita kada a cire daga kuɗin ajiya.

Maganar ruwa tana da tsawo. Yawancin irin waɗannan gidaje rijiyar burtsatse suke da ita, da injin da ke tura ruwa zuwa tanki ko kai tsaye zuwa famfo. A tambaya wanne ne, domin bambancin babba ne. In tankin a sama yake, ko an ɗauke wuta ruwa zai ci gaba da zuwa har tankin ya ƙare. In kuwa injin matsi ne ke turawa kai tsaye, wuta na ɗaukewa famfo ya bushe, har da na bayan gida. Tanki mai lita 1,000 kamar da yawa, amma wanka ɗaya da shawa yana cin lita 40 zuwa 60, kora bayan gida sau ɗaya lita 6 zuwa 9, kuma a bakin teku kowa sau biyu ko uku yake wanka. In sashe huɗu ne ke sha daga tanki ɗaya, kafin yamma ya ƙare. Saboda haka tun ranar farko na cika bokiti biyu da buta na ajiye a bayi, kullum ina sabunta su. Rijiyar da ke kusa da gaɓa kuma wani lokaci ruwan teku kan kutsa mata ta ƙarƙashin ƙasa, musamman da rani in an yi ta zuƙa. Alamarsa ɗan zartsi a harshe, da sabulu da ba ya kumfa sosai. Ya yi wanka da wanke-wanke, amma na sha a sayi na gora. Tangui da Supermont suna ko'ina, a lissafa aƙalla lita 3 ga kowane babba a rana, ban da na girki.

Wuta 220 ce kamar ta gida, amma soket ɗin irin na Faransa ne mai rami biyu zagayayyu. Mutumin Nijar ko Cadi ba shi da matsala. Wanda ya zo daga Najeriya ko Gana da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, sai ya taho da adafta, gara ma biyu, da doguwar soket ɗaya irin ta gida don ya jona komai a kanta. Akwai tashar samar da wuta mai amfani da gas a arewa da garin, mai ƙarfin megawat 216, tana aiki tun 2013, amma wannan bai hana ɗaukewar wuta ba, domin wayoyin cikin kurmi suke bi, iska da reshen bishiya ba sa barin su. Don haka in an ce maka akwai janareta, tambayoyi uku ne: daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake tayar da shi, wa ke sayen mai, kuma yana ɗaukar esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da injin ruwa ko fitila da fanka kawai. A gidan da na zauna yana ɗaukar injin ruwa da firji, ba ya ɗaukar esi, kuma an faɗa mini haka tun farko, abin da na yaba.

Mitar sashen mai kati ce, ana sayen lambobi 20 ta waya a danna. A rubuta abin da ke kanta ranar shiga, a kuma san wa zai riƙa sayen katin. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kusan kilowat ɗaya da ɗan ɗori, in ya kwana yana aiki awa takwas zai ci yunit 6 zuwa 8. Ɗaki biyu, ninki biyu ke nan. Hitar ruwan wanka ita ma tana ci, kuma a wannan zafi ba a buƙatarta, na kashe ta daga makunninta.

Esi ɗin kansa, wanda bai saba da laima ba yakan sa shi a 16 ko 18 yana neman sanyi. Kuskure ne. Abin da ke damun jiki a Kiribi ba zafin rana ba ne kamar na arewa, laima ce, wadda takan haura kashi 80 cikin ɗari, gumi ya ƙi bushewa. A sa shi a 25 ko 26, ko a danna alamar ɗigon ruwa da ke jikin rimot, wadda ke tsotse danshin ɗaki, a haɗa da fanka. In aka sanyaya ɗaki fiye da kima, da an buɗe ƙofa iska mai ɗumi ta shigo, raɓa za ta kwanta a bango da tayil da gilashin waya, daga nan fumfuna ke samun gindin zama. Kyamara ko kwamfuta da ta kwana a ɗaki mai sanyi, a bar ta cikin jakarta minti ashirin bayan an fito kafin a kunna. In esi yana ɗigar da ruwa cikin ɗaki, galibi bututun da ke fitar da ruwan ne ya toshe da gansakuka, ko ragar tace ƙura ta cika. Ragar ana zare ta da hannu a wanke a famfo cikin minti biyar. In kuma yana hurawa ba sanyi, a leƙa injin waje: in siraran faifan alminiyon da ke bayansa sun zama fari suna marmashewa, gishiri ya gama da shi, ba gyaran baƙo ba ne, a nemi canjin ɗaki.

Kayan da muka saba tafiya da su daga arewa ba sa jure wannan iska. Kilishi da dambun nama da yaji da garin kunu, in aka bar su a leda ko takarda, cikin 'yan kwanaki sun yi laushi, wani ma ya fara fumfuna. A zuba su a roba mai murfi mai kamawa, a sa a firji. Gishirin girki yakan dunƙule, 'yan ƙwayoyin shinkafa a cikin mazubinsa suna taimakawa. Takalmin fata da jakar fata kada a rufe su a kabad, a bar su inda iska ke bi, ƙofar kabad ɗin ma a bar ta a buɗe. Wanki kuwa, rigar da ke bushewa cikin awa ɗaya da hunturu a Zariya, a nan tana iya wuni ba ta bushe ba, shadda mai nauyi har kwana. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a jikin tufafi masu danshi, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsarsa takan shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Shanya a kan igiya cikin rana, sannan a goge komai da dutsen guga mai zafi, har da kamfai da tawul da kayan jarirai. Zafin gugar ne ke kashe ƙwan.

Sauro na nan duk shekara, kuma yankin na zazzaɓin cizon sauro ne sosai. Na taho da gidan saurona mai magani da igiya da ƙusa huɗu, domin gidajen da ke da esi sau da yawa ba sa ajiye shi, alhali in wuta ta ɗauke dole a buɗe taga. Ban da sauro akwai wasu 'yan ƙananan ƙwari da mutanen wurin ke kira mutmut, ba ka cika ganinsu ba sai ƙaiƙayi ya tashi a ƙafa da hannu, sun fi fitowa da sassafe da gab da magariba, musamman kusa da bakin kogi in iska ta kwanta. Dogon wando da safa da man shafawa mai DEET, sinadarin korar ƙwari, su ne maganinsu. Katin rigakafin shawara kuma ana tambayarsa a shiga Kamaru, kada a bar shi gida.

A kicin, tukunyar gas mai kilo 12.5 ce aka fi amfani da ita. Kowane kamfani da launin tukunyarsa, kuma ba ko'ina ake musanya ta wani da ta wani ba, don haka a duba sunan da ke jiki kafin a aiki ɗan acaɓa. A jijjiga ta a ji nauyi, a shafa ruwan sabulu a bakin regileta da tiyo. In ya yi kumfa yana tashi, gas na fita. Tiyon roba a wannan yanayi yakan tsattsage da wuri, zoben ƙarfen da ke matse shi kuma ya yi tsatsa ya saki. Tukwane da kasko da katakon yanka, na wanke su sosai da ruwan zafi da sabulu kafin na taɓa amfani da su, tunda ba a san abin da baƙin baya suka dafa ba. Firji in wuta ta ɗauke yana riƙe sanyi kamar awa huɗu muddin ba a buɗe shi ba, saboda haka na daskarar da gorunan ruwa huɗu, in an ɗauke sai in sauko da biyu kusa da kifi.

Kifin shi ne dalilin da ya sa kicin ɗin ya biya kuɗinsa. Wurin saukar masunta yana Mboa-Manga, a bakin kogin Kienke, ba nisa da hasumiyar fitilar da Jamusawa suka gina a 1906. Laraba da Asabar ne kwalekwalen suka fi dawowa da kaya. Akwai wanda suke kira bar, da sole mai faɗi kamar tafin hannu, da barakuda, da jatan lande da garin ya yi suna da shi. Sabon kifi idonsa garau yake a kumbure, in ka ɗaga marfin kuncinsa ciki ja ne, in ka danna tsokar ta dawo. Jatan landen da kansa ya fara baƙi ko yake wari mai hawa hanci, a bar shi komai arharsa. Kilo ɗaya na kifi da kai da ƙaya kusan rabinsa ne tsoka, ya ishi mutum biyu zuwa uku. Jatan lande minti biyu zuwa uku yake so a wuta, da ya lanƙwashe ya yi ja a sauke, in ya wuce haka ya zama roba. Wanda ba ya son girki, akwai mata a wurin da ke gasa abin da ka saya, su haɗa maka da soyayyar agada ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa. A yi cinikin gashin daban kafin a miƙa kifin. Wajen yana da mashaya da yawa, ni nakan karɓa in koma baranda. Nama kuwa, mahauta da masu tsire, wanda a can ake ce wa soya, galibi mutanen arewa ne, da Hausa ko Fulatanci za ka yi ciniki, kuma su ne za su nuna maka masallacin Juma'a.

Alƙibla a Kiribi tana wajen digiri 55 daga arewa, wato arewa maso gabas sosai, alhali a Kano kusan 68 ce. Wanda ya fuskanci mafitar rana kawai ya kauce da yawa. Gaɓar yamma take kallo, don haka in ka tsaya salla teku na bayanka, ka ɗan karkata hagu. Agogo ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, rana kuma tana faɗawa cikin ruwa tsakanin ƙarfe 6 da 6 da rabi kusan duk shekara, duhu na biyo ta da sauri. Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar da cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal.

Tekun kansa sai an koye shi. Yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, kuma lokacin yana jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wajen 14 da 15, a waɗannan kwanaki ruwa kan iso har gindin katangar wasu gidaje, ya shafe rairayin da ka gani a hoto. Layin ganye da itatuwan da ruwa ya bari a kan yashi shi ne iyakar inda ya kai jiya, kada a bar tabarma ko takalmi ƙasa da shi. Akwai duwatsu baƙaƙe a wurare da dama, in ruwa ya cika ba a ganinsu, saboda haka a fara zagaya wurin lokacin janyewa kafin a shiga. Abin da ya fi haɗari shi ne ruwan da ke komawa ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfi. Wurinsa yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, igiya ba ta fashewa a nan, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya gauraya da yashi, kuma shi ke jan mutanen da ba su sani ba. Wanda ya ja, kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu, ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. A inda na zauna babu mai ceto. Wanda iyonsa na kududdufi ne ko na kogi, ya tsaya iya gwiwa, yara kuma hannunsu a hannun babba.

Da dare daga baranda ana hango fitilu can cikin teku, ba na masunta ba ne duka. A nan bututun man Cadi mai tsawon kilomita 1,070 ya ƙare, wanda ya taso daga yankin Doba ya fara aiki a 2003, jiragen dakon mai kuma a can ciki suke lodi. Sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi tana Mboro, kamar kilomita 35 kudu da gari, tun 2018 take aiki, ita ce ta kawo manyan motocin nan. Gidan da ke tsakanin kwalta da teku, a zaɓi ɗakin kwana na ɓangaren ruwa saboda ƙarar motocin.

Fita ɗaya ce na ga bai kamata a bari ba, magangarar kogin Lobe, kilomita 7 zuwa 8 kudu da gari, inda kogin ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Da safe a ranar aiki ya fi, a daidaita kuɗin kwalekwale zuwa da dawowa tun a tudu, a nemi rigar kariya, waya kuma a ɗaure ta cikin leda, domin feshin ruwan yana jiƙa komai. Za a yi maka tayin haurawa kogin zuwa zangon Bagyeli, mutanen kurmi. Ni ban je ba, domin raina bai kwanta da a biya wani kuɗi don a je kallon mutane a gidajensu ba.

Ranar fita na kira mai kula da gidan awa biyu kafin motata, muka bi bidiyon ranar shiga ɗaki-ɗaki, muka karanta mita, aka mayar mini da kuɗin ajiya a hannu. Zik ɗin jakunkuna da bakin caza da makullan akwati na goge su da tsumma mai ɗan danshin ruwan gora, sannan na busar, domin gishirin kwana tara ya riga ya fara fari a jikinsu. Kayan da ba su gama bushewa ba na ware su a leda daban, da isa gida aka sake wanke su aka goge.